Kwana Biyar Don Ganin Makarantar Kulu

Tun da na dawo babu ranar da wani bai tare ni ba. A kasuwar Mashi, a Mai'aduwa, har a ƙofar masallaci bayan la'asar, tambayar ɗaya ce: "Malam Haruna, da gaske ka je makarantar 'yan coci? Yaya ka gan ta?" Bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara nasa gishirin idan ya kai gaba. Shekaranjiya wani ya ce ya ji har waƙa na taya su. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, mai so ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, maganin dabbobi nake sayarwa a Daura, ina kuma bin kasuwannin ƙauye. Hauwa'u, wadda muke kira Kulu, ita ce 'yata ta fari, shekararta goma sha takwas. Tun tana ƙarama aikin jinya take so. Sau biyu tana cin jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau. Karon farko aka ba ta ilimin tsirrai, wanda ba ta nema ba, karo na biyu ko shi ba ta samu ba. Ashe wata 'yar hidimar ƙasa da ta koyar da su a sakandare ta ba ta labarin wata jami'ar 'yan Katolika can kudu maso gabas, mai ba da digirin aikin jinya, har ta taya ta cike takarda. Ban san komai ba sai da amsa ta zo: an ɗauke ta, an kuma yafe mata kaso mai tsoka na kuɗin makaranta.

Wannan yafiyar ce ta fi tayar mini da hankali. Mai watsa wa kaji tsaba, akwai wadda yake so ya kama. Na ɗauki maganar na tafi Baure wurin wana, Yaya Ilu, wanda yake koyar da karatu a zaurensa. Bai bari na ƙarasa ba.

"Haruna, duk makarantun ƙasar nan ka rasa inda za ka kai ta sai inda ake kaɗa ƙararrawa? Mutuniyar da ta cike mata takardar, ka san wa ya aiko ta?"

Mai ɗakina kuwa cewa ta yi, "Ka je ka gani da idonka. In ka gani ka ce a'a, ba mai cewa ka zalunce ta." Na yarda. Amma tsakanina da Allah, ba gani na tafi yi ba. Hujjar da zan ƙi na tafi nema.

Mun fita bayan asuba, ni da Kulu, da guzurin dambun nama da dakuwa da ƙuli-ƙuli wanda zai ishi mutum huɗu. Daga Daura zuwa Kano ba labari. Daga Kano muka kama motar Zuba, muka kwana wurin wani ɗan garinmu mai sayar da albasa. Da ya ji inda za mu, sai ya dubi Kulu, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sa a dace," da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu.

Washegari muka shiga bas mai zuwa gabas, mu kaɗai ne Hausawa. Kafin direba ya ta da mota wani mutum mai kwat ya miƙe ya fara addu'a da ƙarfi, fasinjoji suna amsawa. Na taɓa Kulu na ce, "Kin gani ko? Tun ba a je ko'ina ba an fara."

"Baba, ba don mu yake yi ba. Ko kallonmu bai yi ba."

Da ya shafa, sai ya buɗe jaka ya fito da wani magani da ya ce yana kashe ciwon baya, da basir, da mantuwa. Nan dai na san inda nake. Na karɓi kwalin na juya shi, babu lamba, babu ranar lalacewa. Na miƙa masa kayansa.

Wata mata mai jiki ce ke zaune kusa da Kulu. Da hantsi ta kwance wani abu rawaya a cikin ganye ta miƙa mata. Na yi wa Kulu ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta tambayi matar da Turanci, suka yi 'yar magana, sannan ta juyo tana dariya.

"Baba, gurjiya ce. Garinta suke dafawa kamar alala. Ta ce daga wajenmu ma ake kawo musu ita."

Na ce ni na ƙoshi. Kulu ta cinye nata.

A Lakwaja aka tsaya cin abinci. Direbobin can ba su san tsayuwar salla ba, minti nawa ya ce shi ke nan. Muka yi sauri muka haɗa azahar da la'asar a wata rumfa. Ina sallamewa na hango bas ɗinmu ta fara gungurawa da jakunkunanmu. Na ɗebi takalma a hannu na bi ta. Kafin in kai, motar ta ci birki, ina jin muryar matar nan daga ciki tana zazzaga wa direba masifa da yarensu. Na yi mata godiya. Amma ban daina lura da hannunta ba duk lokacin da ta buɗe jaka, ina jiran ta fito da wani ɗan littafi ta ba yarinyar. Har ta sauka ba ta fito da komai ba sai ayaba.

Can gaba muka iske shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya zagaya da ido, ya nuna ni da Kulu kawai ya ce mu sauko. Ya tambayi garinmu, na ce Daura. Ya ce ai Daura Nijar ce. Na ce ba Nijar ba ce, maƙwabta ne. Ya ce in kawo shaida. Na laluba aljihu, babu katina, yana cikin wata rigar a ƙasan jaka, jakar kuma an danne ta da buhunan mutane. Fasinjoji suka fara gunaguni. Sai Kulu ta zaro takardar makarantar ta miƙa masa. Ya ga sunan jami'ar da gicciyen da ke samanta, ya dubi hijabinta, ya sake duban takardar. Fuskarsa ta saki. Ya ce ƙanwar matarsa can ta gama, mu tafi, Allah ya kiyaye. Na koma kujerata raina a jagule. Takardar da na taho in karya, ita ce ta fid da ni.

Mun isa gab da magariba. Makarantar tana bayan gari, an kewaye ta da katanga, ciyawa a gyare kamar an yi mata aski. Maigadi ya ce baƙi irinmu sai sun ga Fada. Na san limaminsu yake nufi, amma mutumin Daura in aka ce masa sai ya je fada, dole gabansa ya faɗi. Aka ce Fadan ya yi tafiya, gobe mu ga shugabar sashen jinya. Aka kai mu masaukin baƙi, ɗakina yana jikin na Kulu.

Ɗakin fes, ba laifi. Sai dai da na duba alƙibla a waya, ta faɗa daidai bangon da aka rataye gicciyen katako da siffar mutum a jiki. Na ce ba zan yi sujada ina fuskantar wannan ba. Na cire babbar rigata na rataya a kansa. Ina kabbara na ji ƙwal a ƙasa. Ƙusar ta zare, gicciyen ya faɗo, hannu ɗaya ya ɓalle.

Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba. Abin da ke raina shi ne, ga Bahaushe, Musulmi, a garin da ba shi da kowa, ya karya abin bautar mutane a cikin gidansu. Mun sha jin abin da bai kai wannan ba ya tashi gari. Na ƙwanƙwasa wa Kulu. Na ce ko mu tura shi ƙarƙashin gado, kafin a gani mun tafi.

"Baba, in suka gani bayan mun tafi fa? Me za su ce mun zo yi?"

Muka ɗauka muka kai wa tsohon da ke kula da masaukin. Kulu ta yi masa bayani. Ya karɓi guntayen biyu, ya daɗe yana kallonsu, ya sumbaci babban. Bai yi murmushi ba ko kaɗan. Ya sa Kulu ta gaya mini cewa da na yi magana da ya cire shi da hannunsa, ba ni ne Musulmin farko da ya kwana a ɗakin ba. Ya shige ɗakinsa. Jim kaɗan ya fito da tabarma ya ajiye a ƙofata, ya juya ya koma. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo shinkafa da miya da yanka biyu na nama. Na ture naman gefe, har miyar ban yarda da ita ba, na ci dambuna da ruwa.

Ƙarfe shida na safe ƙararrawa ta kaɗa, sai waƙa ta tashi daga cocinsu, muryoyin mata masu yawa. Karin kumallo koko ne da ƙosai, amma kokon babu citta babu kanumfari, tsami kawai. Abin da ya ba ni mamaki a mutanen shi ne gaisuwa. Yarinya ƙarama za ta gai da sa'an ubanta a tsaye, ido cikin ido, tana tafiya abinta. Da farko na ɗauka raini ne, sai na ga haka suke yi wa nasu dattawan.

An ba mu ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin nan na sulale na hau acaɓa, na ce a kai ni inda Hausawa suke. Na ce in akwai abin da ake ɓoyewa, a can zan ji. Aka kai ni zangon shanu. Na iske dattawa a rumfar wani mahauci mutumin Haɗeja, shekararsa ashirin da wani abu a garin. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya tambayi abin da aka ba ni jiya. Na ce ai naman ban taɓa ba.

"Kai, Malam, ka yi asara. Ni nake kai musu nama. Da hannun nan na yanka shi, da bisimilla."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ya ce a asibitin makarantar matarsa ta haihu uku, ba wanda ya taɓa ce mata ta cire mayafi. Amma wani dattijo mai sayar da goro a gefe ya girgiza kai.

"Asibiti daban, makaranta daban. Asibiti kwana uku ne, wannan shekara biyar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni dai 'yata ba za ta ba."

"An taɓa juyar da wata ne?" na tambaye shi.

"Ban gani ba. Amma ba sai na gani ba."

Na dawo da maganarsa a raina, don ita nake son ji.

Shugabar sashen wata Sista ce, irin matan cocin nan da ba sa aure, za ta kai shekara sittin, kanta a lulluɓe, rigarta har ƙasa, ga carbi a ɗamararta. Muna shiga ta ce, "Sannunku da zuwa, Malam. Yaya gajiyar hanya? Yaya mutanen Daura?" da Hausa tas, irin ta Zazzagawa. Ta ce a Sabon Garin Zariya aka haife ta, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Maimakon in ji daɗi sai na ƙara ɗaure fuska. Na ce a raina, an zaɓo mana wadda ta san bakinmu.

Na fito da tambayoyin da muka rubuta da Yaya Ilu. Na ce hukuma ta yarda da digirinsu? Ta nuna mini takarda a bango, ta ce kar in tsaya a kanta, in sa a duba mini a wurin hukumar da kaina. Na ce coci fa? Ta ce ranar Lahadi ba a tilasta wa Musulmi, amma taron buɗe zango da na rufewa a coci ake yi, kowa sai ya zauna, ko da a baya ne. Akwai kuma darasin tarbiyya da Fada yake koyarwa, ba a tsallake shi. Na ce masallaci? Ta ce babu, kuma ba za a gina ba. Na ce hijabi? Ta ce a aji yadda take so, a ɗakin marasa lafiya kuwa gajere fari, a cusa cikin riga. Na ce azumi? Ta ce kicin ba ya buɗewa da sahur, sai dai ta ajiye abincinta.

Na ninke takardar. Na ce, "Sista, saura wadda ban rubuta ba. Me kuke so a wurin 'yata da har kuka yafe mata kuɗi?"

"Makinta. Kuma muna so a ce akwai 'yan arewa a cikinmu, ba zan ɓoye maka ba." Ta dube ni. "Na san abin da kake tambaya. In ka ce zan ji daɗi ta zama Kirista, addinina ne, zan ji. Amma ba shi aka ajiye ni yi a nan ba, kuma ba zan neme ta da shi ba. Wata ɗaliba tana iya nemanta, wannan ban isa in rantse maka ba."

Ban taɓa zaton za ta faɗa da bakinta ba. Sai ta ci gaba.

"Yanzu ni ma ina da tambaya, Malam, don yadda kake zargina haka nake zarginka. Na taɓa samun yarinya daga wajenku, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Tana shekara ta uku ubanta ya zo ya tafi da ita. Ba abin da aka yi mata a nan, shi da kansa ya faɗa. Maganar mutanen gida ce ta fi ƙarfinsa. A kujerar da kake ya zauna yana hawaye. Ita ba ta gama ba, wadda aka hana gurbin don ita ma ba ta samu ba. In ka san haka za ka yi, ka tafi da 'yarka tun yau, ya fi mata sauƙi."

Ta tura mini takardar amincewar uba. Ta ce kar in sa hannu a gabanta, in tafi da ita gida, ina da mako biyu.

Ta haɗa mu da wata ɗaliba 'yar shekara ta huɗu, Rashida, Musulma daga Okene, ta zagaya da mu. Nan ma na ce an shirya ta ne. A ɗakin gwaji na ga mutum kwance an rufe shi da farin zane har wuya, na rage murya na ce masa sannu. Ashe mutum-mutumin roba ne da suke koyon allura a kansa. Rashida ta toshe baki don kar dariya ta ƙwace mata. Kulu kuwa ba ta ma ji ni ba, tana can tana taɓa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, da wata fuska da rabon da in gan ta da ita tun kafin jarrabawar farko.

Da azahar na ce Kulu ta bi Rashida ta ga inda suke salla, ta kuma lura da alwalarta. Ta dawo ta ce wani ɗan ɗaki ne ƙarƙashin bene, su shida ke amfani da shi, dardumar har ta suɗe a wurin goshi. Na sa ta tambayi Rashida ko an taɓa matsa mata. Rashida ta ce a shekarar farko wata abokiyar ɗakinta ta riƙa sa mata 'yan takardu a ƙarƙashin matashi, ta kai ƙara, aka canja mata ɗaki. Sauran kuwa tambaya ce ba ƙarewa, me ya sa kuke kaza, me ya sa ba ku kaza, har ta sa ta koma karanta abin da a gida ba ta damu da shi ba. Sai ta ƙara da wadda ban tambaya ba. Ta ce da su bakwai ne. Ɗayar tana nan, ba ta shiga coci ba, sallar ce kawai ta bari, kuma ba wanda ya sa ta.

Washegari muka kamo hanya. Takardar tana aljihun gaba, ina jin ta kamar garwashi. Na samu hujjojin da na je nema, har sun yi mini yawa: babu masallaci, ga zama a coci, ga wadda ta bar salla. Amma duk lokacin da na shirya yadda zan faɗa wa Kulu, sai maganar ta ƙi fita. Haka muka sake kwana a Zuba, har muka wuce Kano a rana ta biyar.

A Kazaure motarmu ta tsaya, direba ya ce taya tana shan iska. Muka sauka muka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Nan Kulu ta yi magana.

"Baba, ka tambayi Sista, ka tambayi mahauci, ka tambayi Rashida. Ni ba ka tambaye ni komai ba."

"To me zan tambaye ki? Na san kina so."

"Ko ina jin tsoro."

Na dube ta. "Kina ji?"

"Sosai. Ban san kowa ba, ban iya yarensu ba. Kuma waƙar nan da suka yi da safe, Baba, ta yi mini daɗi. Na tsaya a taga ina ji har suka gama. Da na ankara sai na tsorata da kaina, na koma na ɗauko Alƙur'ani." Ta sunkuyar da kai. "Na so in ɓoye maka, don na san za ka ce shi ke nan. Amma gara ka yanke kana sane. In ka ce a'a zan haƙura, wallahi ba zan riƙe ka ba. Ni dai ina so in je."

Ta miƙo mini wuƙar da zan yanka maganar da hannunta. Mai faci yana ta buga ƙarfensa. Na tuna ni ma na ji waƙar, na kuma san ta yi daɗi, amma ko a raina ban yarda na faɗa ba. Yarinyar da za ta gaya wa ubanta wannan, alhali ta san abin da zai iya jawo mata, na ga in wani abu ya taso mata a can ma za ta faɗa.

Saura tafiya kaɗan mu shiga ƙasar Daura, kuma na san halina. In na isa gida aka kewaye ni, hannun nan ba zai sawu ba. Na fito da takardar na shimfiɗa a kan bonet ɗin motar. Birona ya ƙi rubutu, na ari na direba. Iska tana ɗaga gefen takardar, Kulu ta sa hannu biyu ta danne.

"Baba, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba," na ce. "Riƙe takardar da kyau."